Ƙurajen fuska bayan an girma: na shafawa, na sha, ko haɗin kanti?

"Ke kuwa har yanzu ba ki gama balaga ba?" Duk macen da ƙuraje suka feso wa bayan ta haura ashirin da biyar ta taɓa jin wannan tsokanar, ko a gidan biki ko a bakin dangin miji. Ana faɗa ana dariya, mai abin kuwa ita ta san yadda take ji. Tsokanar ma a kan kuskure ta ginu, don ƙurajen fuska ba na 'yan sakandare kaɗai ba ne. Wasu tun ƙuruciya suka biyo su ba su sake su ba, wasu kuma fuskarsu sumul take har suka yi aure suka haihu, sannan abin ya ɓullo. Mata sun fi maza fama da shi nesa ba kusa ba, shi ya sa da ke zan yi ta magana. Maza ku yi haƙuri, naku na nan a ƙasa.

Abin da ke faruwa a fatar ba shi da wuyar ganewa. Kowace ƙofar gashi tana da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. In maiƙon ya yi yawa, matattun ƙwayoyin fata suka haɗu da shi suka toshe ƙofar, sai wata ƙwayar cuta da dama can a fatar kowa take zaune ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura. Toshewa, maiƙo, ƙwayar cuta, kumburi: yawancin magunguna wasu daga cikinsu kawai suke kamawa, kuma nan ne bambancinsu yake. Mai tunzura maiƙon shi ne sinadarin homon irin na maza, wanda mace ma tana da shi kaɗan. Shi ya sa na manya suka fi son haɓa da muƙamuƙi da wuya, suna tashi kwanaki kafin al'ada, suna lafawa bayanta.

Kafin ki sayi komai, ki tsaya gaban madubi da rana ki duba wane iri ne. Akwai ƙanana masu baƙin kai ko farin kai da ba sa ciwo. Akwai jajaye masu ruwa a baki. Akwai kuma manya masu tauri can cikin fata, masu zogi, waɗanda kan yi makonni ba su nuna ba, in sun tafi su bar rami. Sannan ki amsa wa kanki tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan zaɓin: kina da ciki, ko kina neman sa, ko zai iya shiga ba shiri? Kusan rabin magungunan da za mu ambata amsar nan ce ke buɗe su ko rufe su.

Bari in fara da wanda aka fi saye, don a kawar da shi daga hanya. Haɗin man da ake damawa a kanti ko a sayar ta WhatsApp a robar da ba suna, da kuma mayukan kemis irin su Funbact-A da Skineal, su ne suka fi komai saurin nuna aiki. Kwana uku, huɗu, jan ya kwanta, fuska ta yi haske. Sirrin shi ne sitiroyid mai ƙarfi: na farkon yana ɗauke da betametason, na biyun kulobetasol, kuma ba don ƙurajen fuska aka yi su ba, na wasu cututtukan fata ne na ɗan lokaci. Sitiroyid yana danne kumburi ne kawai, bai buɗe ƙofar da ta toshe ba. Da an jima ana shafawa shi da kansa yake haifar da nasa ƙurajen, ƙanana masu kama ɗaya reras a goshi da kumatu, fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, wani lokaci har gashi. Ranar da aka daina kuma fuska ta yi bore, sai a koma, an shiga gaba kura baya siyaki. Magungunan ƙiba na sha-ka-fashe da ke da dekzametason su ma haka suke yi, daga ciki. In kina kan ɗaya daga cikin waɗannan, to nan ne farkon maganinki, kuma in kin daɗe a kai kada ki yanke rana ɗaya, musamman na sha. Likita ne zai tsara miki yadda za ki janye a hankali.

Yanzu magungunan shafawa na gaskiya. Uku ne ke gogayya.

Benzoyil feroksaid shi ne na ƙuraje jajaye masu ruwa. Yana kashe ƙwayar cutar, kuma abin da ya fi burge ni da shi, ƙwayar ba ta sabawa da shi komai daɗewa. Ana samunsa da ƙarfin 2.5 da 5 da 10 cikin ɗari. Mutane kan ruga su ɗauki mai 10 da tunanin ya fi aiki, alhali an daɗe da gano cewa mai 2.5 yana kusan kamo shi a aiki, ga shi bai kai shi ƙona fata ba. A fata irin tamu wannan ba ƙaramar magana ba ce, don duk abin da ya ƙona ta tabo yake bari. Aibinsa na biyu mata masu lulluɓi ne suka fi sani: yana kore launin tufafi. Baƙin hijabi, niƙabi, tawul, rigar filo, duk zai yi musu dabbare-dabbaren ruwan goro. Ki ware farin tawul da farar rigar filo, ko ki sayi na wankewa, ki bar shi minti biyu a fuska ki ɗauraye. Kada kuma a bar shi a mota ko a taga cikin zafin Afrilu. A 2024 wani ɗakin gwaji a Amurka ya nuna zafi mai yawa na iya sa ya rikiɗe ya fitar da benzin, wani sinadari mai iya jawo ciwon daji, kuma da hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta gwada samfura 95, ta ce fiye da kashi 90 cikin ɗari ba su da shi ko ɗan kaɗan ne ƙwarai, aka janye 'yan ƙalilan. Wuri mai sanyi ya wadatar.

Adafalin, wanda aka fi sani da sunan Differin, dangin bitamin A ne, shi da yayansa tiretinoyin da ake sayarwa da sunan Retin-A tun 1971. Aikinsu buɗe ƙofofin da suka toshe da hana sababbi toshewa, wato suna tare ƙurjin tun bai fito ba. A masu baƙin kai da farin kai babu kamarsu, kuma suna taimakawa wajen dusashe baƙin tabo. Tsakanin su biyun ni adafalin mai 0.1 cikin ɗari nake fifitawa ga mai farawa: ya fi sauƙi a fata, haske ba ya lalata shi, yana kuma zama lafiya da benzoyil, har akwai wanda aka haɗa su biyun a bututu ɗaya, Epiduo. A Amurka tun 2016 ake sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Sai dai yana da hali. Makonni biyu zuwa shida na farko fuska kan bushe, ta yi saɓa, wani lokaci ƙurajen su ƙaru kamar an tone su. A nan ne yawancin mutane ke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Dabarar ita ce a ɗibi kamar ƙwayar wake ɗaya, a shafe fuskar duka da shi, ba kan ƙurji kaɗai ba, da dare, a busasshiyar fata, sau biyu ko uku a mako tukuna, a bi da mai marar nauyi. Wadda ta fara shi a tsakiyar hunturu kullum-kullum, ta haɗa da sabulu mai kaifi, ita ta jawo wa kanta. Mai ciki da mai neman ciki su bar wannan dangin gaba ɗaya.

Na ukun, azelayik asid mai 15 ko 20 cikin ɗari, irin su Skinoren, ba a cika jin sunansa ba, kuma a ganina an zalunce shi. Bai kai biyun farko ƙarfi a kan ƙuraje masu yawa ba, gaskiya ne. Amma yana taɓa ƙwayar cutar, yana rage toshewa, yana kuma rage yawan launin da ke taruwa a gurbin ƙurji. Ki tambayi mace goma abin da ya fi damunsu, da yawa za su ce ba ƙurjin ba ne, baƙin tabon da ke biyo baya ne, mai yin wata shida yana zaune. Ƙurji mako guda ne, tabo kuwa ɗan gida. Kuma tabon ne ke tura mata wajen man bilicin. Ƙari a kan haka, azelayik na cikin 'yan kaɗan da likitoci ke amincewa da su ga mai ciki da mai shayarwa. Ga matar da ke tsakanin goyo da ciki shekara da shekaru, wannan kaɗai ya isa ya sa shi a sahun gaba. Yakan yi ɗan ƙaiƙayi ko tsikari a farko, ya kan fi benzoyil tsada, kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba.

Sabulun wanke fuska mai salisilik asid 2 cikin ɗari ɗan rakiya ne, yana taimaka wa masu ƙananan toshewa, ba ya iya manya. Kilindamaisin na shafawa kuma kada a yi amfani da shi shi kaɗai, ƙwayar cutar na saurin sabawa da shi. Tare da benzoyil ake ba da shi, kamar yadda aka haɗa su a Duac.

Duk wanda kika zaɓa, ma'auninsa mako 12 ne. Ba mako biyu ba. Ƙurjin da kika gani yau ya yi makonni yana haɗuwa a ƙasa, don haka maganin da kika shafa daren jiya da na wata mai zuwa yake faɗa. Tsarin da hukumar tsara jiyya ta Ingila ta fitar a 2021 ma a kan mako 12 ya tsaya kafin a sake dubawa.

To yaushe ake komawa na sha? In ƙurajen jajaye ne masu yawa, ko sun sauka baya da ƙirji inda shafawa ke wuya, ko an cika wata uku ana shafawa yadda ya kamata kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Doksisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da za mu taƙaita da doksi, shi ne wanda mai kemis zai fara miƙo miki, ga arha ga samuwa. Yana aiki, musamman wajen kwantar da kumburi, a kan miligiram 50 zuwa 100 a rana. Amma gada ce, ba gida ba. Wata uku ake so, in ya yi tsawo shida, ana shafa benzoyil ko adafalin tare da shi, a daina ƙwayar a ci gaba da shafawa. Abin da muke yi mu kuwa, a sha kwana biyar in ƙurji ya fito, a ajiye, a sake ɗauka wata mai zuwa, shi ne mafi muni: fuskar ba ta warke ba, an kuma koya wa ƙwayoyin cutar jiki jure maganin. A sha shi da kofin ruwa cikakke, a zauna tsaye aƙalla rabin awa, don in ya maƙale a maƙogwaro yana yin gyambo. Mai azumi da ke komawa barci bayan asuba gara ta mai da shi bayan buɗa-baki. Maganin ƙarin jini da na ƙwannafi suna hana jiki tsotse shi, a raba su da awa biyu ko uku, fura da nono ma a ɗan ba su tazara. Yana sa fata jin zafin rana, yana iya tada farin ruwa mai ƙaiƙayi a gaba, kuma ba na mai ciki ba ne.

Ga wadda ƙurajenta ke bin kalandar al'ada, suna zaune a haɓa da muƙamuƙi, doksi ya kwantar su dawo, ya kwantar su dawo, ai ba ƙwayar cuta ce matsalar ba, homon ne. Nan hanya biyu ce.

Ta farko ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, wadda ake sha kullum. Tana rage tasirin homon ɗin da ke tunzura maiƙo, sai dai sai an yi wata uku zuwa shida ake ganin amfaninta. Ga wadda dama tana son hutu, jifa ɗaya ne tsuntsu biyu. Ba ta dace da mai hawan jini ba, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai shan taba da ta haura 35, ko mai jego a makonnin farko. A lura da kyau, ba kowace hanyar tazara ce ke gyara fuska ba. Allurar wata uku da ashanar da ake sawa a dantse sinadari ɗaya ne a cikinsu, kuma a wasu matan su ne ma ke tada ƙurajen. In kin lura abin ya fara ne watanni kaɗan bayan an sa miki ashana, ki faɗa a asibitin da aka sa miki. Ba lallai a cire ba, sau da yawa na shafawa ya isa ya riƙe, amma a san daga inda aka hau.

Ta biyu sifironolakton, tsohon maganin hawan jini da kumburin jiki da ake kira Aldactone. An lura yana toshe wa homon ɗin maza hanya a fata, likitocin fata suka ara. A 2023 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mata 410 a Ingila da Wales: bayan mako 24, kashi 82 cikin ɗari na masu shan sa sun ce fuskarsu ta yi sauƙi, a masu shan ƙwayar da ba magani a ciki kuwa kashi 63. Ba sihiri ba ne, amma tazara ce ta gaske, kuma ya fi doksi ta fuska ɗaya babba: ana iya daɗewa a kansa ba tare da fargabar sabon ƙwayoyin cuta ba. Akan fara da miligiram 50 a kai 100. Yana sa yawan fitsari, wani lokaci jiri, nonuwa su yi ciwo, al'ada ta rikice. Mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini sai an auna musu gishirin fotasiyam a jini. Ciki kuma haram ne a kansa, don yana iya taɓa halittar ɗa namiji. Wannan ba maganin da ake saye don ƙawa ta ce ya yi mata ba ne.

In ƙurajen sun zo tare da al'ada mai tsallake watanni, gashi a haɓa, ƙiba a ciki, ko jinkirin haihuwa, a bar fuska tukuna a je wajen likitan mata a duba matsalar ƙwan mace da ake kira PCOS. Fuskar saƙo kawai take isarwa.

Saura babban yaya, aisotiretinoyin, wanda aka sani da Roaccutane, yana kasuwa tun 1982. Shi kaɗai ne ke kama duka huɗun nan, yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon, kuma bayan wata huɗu zuwa shida na sha mutane da yawa sukan rabu da abin na dogon lokaci, wasu har abada. Ga manyan ƙuraje masu barin rami ko tabo mai tudu a muƙamuƙi, jinkirta shi asara ce, don rami ba ya cikewa da mai. Farashinsa kuwa ba na kuɗi kaɗai ba ne. Leɓe zai tsage, hanci da ido su bushe, balle a hunturu. Ana gwajin hanta da kitsen jini. Ana lura da yanayin zuciya, in damuwa ta sauko a sanar da likita nan take. Ba a haɗa shi da doksi, ba a ba da gudummawar jini a kansa. Mafi girma, yana nakasa jariri a ciki nakasa mai tsanani, ko da 'yan ƙwayoyi aka sha. A Amurka tun 2006 ba a ba mace shi sai ta shiga rajista ana yi mata gwajin ciki duk wata. Dole a ɗauki matakin hana ciki mai ƙarfi tun wata guda kafin a fara har wata guda bayan an gama. Matar aure da ba za ta iya zama da maigida su yanke wannan shawarar tare ba, ko amaryar da gida biyu suka zuba wa ido, ta haƙura da shi zuwa wani lokaci. Wurin karɓarsa asibitin da ke da likitan fata ne, irin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ba shafin mai sayar da kayan kwalliya ba.

Na gida fa? Sabulun salo yana wanke maiƙo, amma yana da kaifi, in aka haɗa shi da adafalin fuska za ta yi kuka. Lemon tsami, tafarnuwa da makilin ƙona fata suke yi, ƙuna kuwa tabo. Zuma da kurkum ba sa cutar da yawancin mutane, ba sa kuma buɗe ƙofar da ta toshe. Dilka da gurzar gyaran jiki a kan fuskar da ke da ɗanyun ƙuraje ƙara rura su suke yi, amare a kula. Wanda ba a cika zargi ba shi ne man kitso. In ƙurajenki ƙanana ne jere a goshi da gefen kunne, daidai inda ɗankwali ke zama, ki duba man gashin da ke narkowa da gumi kafin ki kashe kuɗi a kemis. Batun abinci kuma, gyaɗa ta sha zagi fiye da laifinta. Abin da bincike ya fi nunawa da yatsa shi ne sukari da abin da ke saurin zama sukari a jini, lemon kwalba, farin burodi, shayi mai cokali huɗu, sai madarar shanu a wasu mutanen. Rage su na iya taimakawa kaɗan, ba zai maye gurbin magani ba.

Maza, duk na shafawar nan da doksi da Roaccutane naku ne ku ma. Sifironolakton ne ba naku ba, yana fito wa namiji da nono. Ku kuma tabbatar abin ƙurajen fuska ne: waɗanda ke fitowa a gemu da wuya bayan aski gashi ne mai lanƙwasa ke komawa cikin fata, kuma maganinsu na farko a daina aski ƙwal da reza, a bar ɗan tsawo da kilifa. Masu ɗaga ƙarfe da ke shan garin furotin, balle masu allurar ƙara ƙwanji, in baya da kafaɗa suka cika da ƙuraje ba sai an yi duba ba.

Da ƙanwata ce ta zo min da matsakaitan ƙuraje, ba ciki ba shirinsa, adafalin da dare da benzoyil mai 2.5 da safe zan ce ta ɗauka. Da tana goyo ko tana sa rai, azelayik, in jajayen sun yi yawa a ƙara benzoyil kaɗan bayan ta sanar da ma'aikatan awo. Kowacce kuma ta nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, don rana ce ke ƙara dafa tabo, ta cire hannu daga matsa, ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kwali. Ranar da za ta fara ta ɗauki hoton fuskarta a bakin taga, ba hoda, ba tacewar waya, gaba da gefe biyu. Ta sake ɗauka a wuri ɗaya bayan mako shida, sannan a na goma sha biyu. In na ukun bai fi na farko ba, da hotunan da bututun da ta ƙarar za ta shiga wajen likita.